Yadda Kawu Ya Kashe Mini Tsohon Maƙeri

Tsohon maƙerin nan babu shi a duniya, na sani, kada wani ya wahalar da kansa wajen tuna mini. A cikin littafi aka haife shi, wasu littattafan Faransanci masu kauri da na karanta ina ɗalibi a Yamai, labarin wata ƙasa mai dodanni da matsafa da sarakunan da ba su da aiki sai yanka juna. Shi ya tsinci jarumin labarin yana jariri, ya raine shi a bakin maƙera, ya ƙera masa takobi. Sai marubucin ya tashi rana tsaka ya kashe shi. Na yi kwanaki ina jin haushi kamar ni aka yi wa rashi. Da aka mayar da littattafan fim ɗin talabijin na ce ƙila waɗannan su ji tausayi, su ma suka kashe shi, har da kiɗa.

Saboda haka ranar da wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa a Dogon Dutsi ya ce an yi wasan kwamfuta a kan labarin, kai ne jarumin, abin da ka zaɓa shi ke faruwa, tambaya ɗaya na yi masa: ana iya ceton maƙerin? Ya ce ana iyawa. Ya zuba mini wasan a kwamfutata, ya gargaɗe ni cewa ba ya komawa baya, abin da ka zaɓa ya zauna ke nan, sai dai ka sake daga farko ka ƙara ɓata watanni. Na ce babu komai, ni dai na san inda na dosa.

Ban yi nisa ba Kawu ya sauka a gidana. Wan mahaifiyata ne, manomi a Ɗan Kassari, yanar ido ta rufe masa gani, ya zo jiran likitocin da za su yi masa aiki. Aka yi ta ɗaga ranar, shi kuwa ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin dogon yaron tsakar gida, daidai inda nake zama da kwamfutata bayan la'asar.

"Mushe," haka yake kirana tun da na zama malamin makaranta, wato "Monsieur" na Faransanci, "mi kaka kallo haka tun ɗazu?"

Na yi masa bayani, da ma na yi shiru. Ya matso, ya kafa fuskarsa kusa da gilashin, abin da bai gani ba ya tambaya, abin da aka faɗa da Faransanci in mayar masa da Hausa. Tun daga ranar wasana ya zama namu.

A irin wannan wasa, duk gidan da ka samu a buɗe shiga ake yi, a buɗe akwati, a kwashe abin da ke ciki. Da haka ake samun sulke da magani, kowa haka yake yi. Na shiga wani gida na fara kwasa, sai na ji sandar Kawu a ƙafata.

"Wanga gidan wa na?"

"Ba na kowa ba ne, Kawu, wasa ne."

"Ga mace nan tsaye, ka ce ba na kowa ba na? Ka yi sallama? Maida musu kayansu, ba mu da ɓarawo cikin dangi."

Daga ranar jarumina ya daina taɓa kayan mutane, ya koma yawo da tsumma, kowane ƙaramin dodo ya gan shi sai ya tumurmushe shi. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai an tsaya an gaisa, in ya ce akuyarsa ta ɓata sai mun je nemanta. Akwai wata aljana a gindin wata bishiya da aka sa lada mai tsoka a kanta, na zare takobi ke nan ya ce, "Doguwa ta, mi tay yi maka? Ratse ka ba ta wuri." Na ratse, ladan ya bi ruwa. Abokina ya gama wasan tun tuni, ni ina can ina kora akuyar wata tsohuwa.

Wani zai ce me ya hana ni ce masa ya bar ni? Wanda ya faɗi haka ba shi da kawu. A gidansa na yi yarinta, ga shi baƙona, ga shi ba ya gani. Na gwada ɓuya a ɗaki da rana na rage sauti, amma Allah da ya rage masa ido bai rage masa kunne ba. Sai ga shi yana laluben ƙofa yana cewa, "Kun tahi kun bar ni?" Na kai ƙara wurin matata, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abu ɗaya muka haɗu a kai, shi ne maƙerin. Kawu ya ƙaunace shi tun ranar da ya ji yana yi wa jarumin faɗa a kan gaggawa, ya sa masa suna "tsarana". Na gaya masa an kashe shi a littafi, an kashe shi a fim, kuma don in cece shi nake wannan wahala. Ya ce, "Mu cece shi, in Allah ya so." Na ji sanyi a raina, na ce ashe dai tafiyarmu ɗaya.

Can gaba aka yi wa jarumin rauni, ba mamaki tunda tsumma ne a jikinsa. Mai garin wani ɗan ƙauye a bayan duwatsu ya ɗauke shi, ya ɓoye shi, iyalinsa suka yi jinyarsa. Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya ba ni labarin Fulanin da ke sauka a gonarsa kowace shekara bayan an cire amfani, da yadda shi ma yake sauka a rugarsu in tafiya ta kama shi. Ni ban ma saurare shi sosai ba, hankalina yana kan hanya.

Aka yi wa Kawu aikin a ido ɗaya, aka rufe da auduga, ɗayan kuwa da ma sai haske da duhu. Likita ya ja mini kunne: kada ya duƙa, kada ya murza, kada ruwa ya taɓa wurin. Washegari da la'asar Kawu ya ce a buɗe wasa. Na ce ai ba ya ganin komai. Ya ɗora hannunsa a gwiwata ya ce, "Kai na idona yau."

Ranar kuwa muka iso wurin da na daɗe ina jira. Sojojin abokan gaba sun kama maƙerin, wuƙa a wuyansa. Shugabansu ya ce in nuna musu ɓoyayyar hanyar shiga ƙauyen da ya yi jinyata, su sake shi. Amsa biyu a rubuce, ga wani layi yana ƙanƙancewa, in ya ƙare an zaɓar maka. Na fassara wa Kawu da sauri, har ina ƙara gishiri, wai ƙila ba za su taɓa kowa ba.

"Mun ci tuwonsu?" in ji shi.

"Mun ci."

"Mun kwana ɗakinsu?"

"Kawu, maƙerin fa! Don shi muka zo!"

"Mai masaukinka ba a saida shi. Shi kanshi tsarana, in ka tambaye shi, ba shi yarda. Ce musu a'a."

Yatsana yana kan ɗaya amsar. Ba ya gani, ba ya jin Faransanci, da na danna na ce masa duk abin da na ga dama, har abada ba zai sani ba. Wallahi na yi niyya. Shekaru nake jiran wannan yatsa ɗaya. Amma hannun nan yana kan gwiwata, ya sake shi gaba ɗaya kamar yadda makaho ke sakar wa ɗan jagora. Raina a ɓace, ina zagin marubucin da waɗanda suka ƙirƙiro wasan da ranar da na buɗe bakina, na danna a'a.

Aka kashe shi karo na uku, wannan karon da hannuna.

"Ya mutu?" in ji Kawu.

"Ya mutu," na ce, da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba.

Na juya in gaya masa abin da ya jawo mini, sai na ga ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin audugar. Ya ɗaga hannu zai murza, na yi wuf na cafke, ya ɗaga ɗayan, shi ma na cafke.

"Kawu, likita ya hana! So kake idon ya lalace?"

"Sake ni, Mushe, tsarana na."

Ban sake shi ba. Matata ta fito daga madafa ta same mu haka, tsoho yana kuka a kan mutumin da shi ya yanke masa hukunci, ni ina riƙe da hannuwansa biyu ina yi masa faɗa, ba ni da hannun da zan share tawa fuskar.