Mai Gadi da Kwikwiyon Maigida

Yana zaune a bakin bencin asibitin dabbobi, ƙafafu a ware kamar masu gaba da juna. Tsoho ne, kakin gadi ya koɗe a jikinsa, amma igiyar kwikwiyo da ke hannunsa sabuwa ce fil. Da gani ka san karen ba nasa ba ne.

Likita ta fito tana cire safar hannu.

"Baba, ka gaya wa maigidanka ɗan marainan karen ɗaya bai sauko ba, ya maƙale a ciki. Gara a fiɗiye shi, a ciro duka, kada ya zama ciwon daji."

"Ai cewa ya yi ko mene ne a yi yau, 'yata. Ba ya son ya wahala."

Garin miƙewa sai ya cije leɓe, ya tallafi ƙasan mararsa. Gwaiwa ce, wando ya kasa rufa mata asiri. Wataƙila da ita yake tura ƙofa kullum, motar maigida na wucewa ta gabansa.

Ya miƙa wa likita igiyar, ya dubi karen.

"Shiga, ɗan gata. Kai naka da ke ɓoye ma an gani."