Falken Moriki da Ɗan Wake na Koriya

A gidanmu na Zurmi, da an idar da isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Kulu, ita tana juya gyaɗa a kasko. Tatsuniyoyinta ba su cika zancen aljanu ba, yawanci a kan abinci suke, don Inna ba ta wasa da cikinta.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wani falken Moriki da fatauci ya kai shi garin da bai san kowa ba. Aka kawo masa abinci cikin 'yan ƙananan ƙore, ja da kore, bai gane ko ɗaya ba. Ya yi irin tamu ta gida, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake, yana jira a matsa masa. Su kuwa mutanen garin ba su san wannan alkunyar ba, suka kwashe kayansu. Haka ya yi ta rama, sai ranar da yunwa ta ci ƙarfinsa ya tambayi tsohuwar gidan da ya sauka abin da ke ciki. Ashe wake ne da yakuwa.

"Ku ji min wanga wawa," in ji Inna, tana dariya. "Baki garai, amma yat tsaya yunwa ta kashe shi don kunyat tambaya."

Mu dariyar kawai muke yi, muna satar gyaɗa.

Bara ɗiyata Hafsatu ta sami gurbin karatu a Koriya. Babanta ya yarda, ni na ƙi. Na ce ba zan tura yarinya inda ko naman yanka ba ta da tabbas a kansa ba. Gaskiya tsoro nake ji, har ba na iya barci. Da ta ga na kafe, sai ta lallaɓa ni daga Ƙaura, inda muke zaune yanzu, har Abuja, wai in raka ta gidan abincin 'yan Koriya sau ɗaya tak, in ban gamsu ba ta haƙura.

Muna zama aka jera mana 'yan kwanoni, kabeji ja wur da yaji, wani abu fari kamar awara. Na naɗe hannu na ce na ƙoshi.

Hafsatu kuwa ta ɗaga hannu. Ta kira mai gidan abincin, wata dattijuwa, ta bi kwanonin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: akwai alade, akwai giya, wa ya yanka naman? Matar ba ta ɓata rai ba. Ta ɗauke kwano guda da kanta, ta ce wannan ba namu ba ne, sauran kuma ta yi mana bayani. Naman ma ta ce mu bar shi, ta kawo kifi.

Nan na tuna falken Inna. Shekara da shekaru ina masa dariya, ga ni zaune a mazauninsa, yarinyar da nake wa tsoro kuma ta fi ni sanin abin yi. Na ɗanɗana kabejin. Tsami kamar tsohuwar gasara, ban so shi ba, amma na haɗiye.

A hanyar komawa na ce ta fara haɗa kaya, zan daka mata yaji da daddawa ta tafi da su.