Bitar Bici da Gonar Gyaɗa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Bici, ni da wani abokin aikina a kan babur ɗinsa, za mu bitar malaman firamare ta dogon hutu. Daga ƙauyenmu na wajen Tofa har bakin kwalta, gero da dawa ne hagu da dama, gona na jingine da gona. Ruwa ya jiƙa hanya sharkaf. Ni ke sauka ina turi, mai babur na zaune yana ba da umarni kamar hedimasta.

Damuwa ɗaya na tafi da ita. 'Yan aji shida nake koyarwa, jarrabawar shiga sakandare na gabansu, amma da an koma makaranta ake fara cirar gyaɗa, sai aji ya watse. Bara haka ta kayar da yarana, abin ya tsaya mini a rai.

Masu bita sun yi ƙoƙari, sun koya mana raba yara rukuni-rukuni. Na ce a raina, to ai sai da yaran! Wata malama daga Bacirawa ta yi mini dariya, wai nata ajin har kan taga ake zama, in zo ta sam mini.

A gindin darbejiya na samu mafita, muna cin gasasshiyar masara. Wani malami na ƙauyukan bayan Bici ya ce su gayya suke yi. Ranar Asabar malamai su shiga gonar uban ɗalibi, shi kuma ya sakar musu yara sauran kwanakin.

Da muka dawo ko gida ban shiga ba, na zarce gonar wani dattijo mai 'ya'ya uku a ajina. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya kama hannuna ya juya tafin.

"Malam, da wannan hannun na alli?"

"A gwada shi, Baba."

Ya dubi gyaɗarsa, sannan ya ce, "In na gan ku Asabar, za ka gan su Litinin."

Wallahi daɗi ya kama ni. Tafiyar nan ta koya mini cewa uba ya fi jin maganar malami a cikin gona. Tun da yamma na kai wa maƙeri fartanyata.