Bututun da na yanka a Tamawa

Har yau ban manta da ranar da na ɗora zarto a kan bututun ƙarfe a gaban mai unguwa a Tamawa ba, jama'a na kallona kamar wanda ya taɓu.

Lokacin ni ne shugaban masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa a yankin Kurfi. Ku sababbi a wannan aiki, tsarin ba shi da wuya. Roba ko noti, a bakin rijiya ake canzawa. Hannun famfo in ya tsage, Kurfi ake kai shi wurin mai walda ranar kasuwa, don ba a rasa mai babur da zai ɗauka. Silinda kuwa, wato abin da ke can ƙasa yana turo ruwa, sai babban wurin gyara a Dutsin-Ma. Saura abin da ba ya gyaruwa ko'ina, a jefar. A nan wahalar take.

Tsakiyar bazara famfon ya tsaya, kuma shi kaɗai ne a unguwar, mata da makiyaya duk a kansa suke. Da muka zaro jerin bututun, na tarar biyu daga ciki tsatsa ta cinye su ta ciki, daidai inda ake murɗawa. A ido lafiyarsu lau. Amma a jikinsu silinda ke rataye, ranar da ɗaya ya saki, komai zai faɗa cikin rijiyar, kuma ba kullum ake iya ciro shi ba.

Muka sa sababbi, ruwa ya zo. Na buga wa Injiniyan babban wurin gyara waya a Dutsin-Ma. Ya ce, "Bar tsofaffin nan, motarmu ba ta kwasar tarkace."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenmu ba su jefar da ƙarfe. Bayan ɗaki za a jingine su, ranar da wani ya huje a ɗauko a mayar."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ka san mutanenka, yi yadda ka gani."

Ina ɗauko zarto, mai unguwa, Alhaji Mamman, ya riƙe mini hannu. "Haba Malam Isiyaku! Wanga ƙarfe mi ya yi maka? A kai shi Kurfi mana a yi mishi walda."

Na ƙwanƙwasa bututun da sifanar kwance noti, tsatsa ta zubo masa a tafin hannu. Ya duba, ya kakkaɓe, ya ce shi dai almubazzaranci ne bai yarda da shi ba. Raina ya ɗan ɓaci, amma na san ba taurin kai ba ne. Haka aka tashe mu, ko gwangwani ba ya zama shara a gidajenmu.

Sai idona ya kai kan caɓin da shanu suka yi kewaye da famfon, har sun fara fasa siminti. Na ce, "Alhaji, ba zubarwa zan yi ba, aiki zan canza musu. Turakun shinge za su zama." Sai ya naɗe hannun riga, shi da kansa ya danne mini bututun na yanka.

Wannan aiki ya koya mini cewa sanin inda za a kai abu gyara rabi ne kawai. In ka yanke wa ƙarfe hukunci, to kada ka tafi sai ka ga ya shiga wani aikin da ba zai iya dawowa rijiya ba.

Bayan damina na koma zagaye. Shinge na nan, famfo na zuba. Alhaji Mamman ya ja ni gefe ya ce wani bututun ya huje kwanaki, sai da suka jira ranar kasuwa aka kawo sabo. Ya dafa turken, ya rage murya.

"Wallahi Malam, da suna bayan ɗaki, da su muka sa."