Kwandon Kaka da Kwandon Inna Lami

Ranar Alhamis ce, ta farko a babban hutun shekarar da na gama aji biyar, lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahomey, ba a daɗe da tafiyar Turawa ba. Hantsi ya ɗaga, an shimfiɗa tabarma a tsakar gidan kakana a Djougou, an zube goro ƙwarya biyu a kai, wato guda ɗari biyu, ja da fari, yana ƙyalli saboda ruwan da aka yayyafa masa. Kaka yana kan buzunsa ya tanƙwashe ƙafa, matan gida sun bar dakan sakwara sun jeru a bakin madafa da taɓare a hannu, Inna Lami kuwa tana durƙushe can gefen tabarma, ta cusa hannayenta cikin zani. Ni ce a tsakiya, 'yar shekara goma sha ɗaya, riƙe da littafi da fensir, ina ta iyayi sai ka ce ni na ƙirƙiro boko. Ni na tara mutanen nan, kuma abin da ya biyo baya ni na jawo shi.

A Zongon Parakou iyayena suke, babana yana sayar da atamfa, amma duk hutu sai a ɗora ni a mota zuwa Djougou. Gidan Kaka gidan goro ne tun zamanin fatake, tun daga zaure za ka ji ƙanshin ɗanyen ganyen da ake lulluɓe shi da shi. Inna Lami matar ƙanen babana ce, 'yar wani ƙauye a Sérou. Mijinta ya rasu bara waccan, ba ta da ɗa ko jika, da ta fita takaba sai ta roƙi a bar ta ta zauna, Kaka ya ba ta aikin juya goro da tsince ruɓaɓɓe. Ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke rufa mini asiri in na yar da guga a rijiya garin wasan gaɗa. To a shekarar ne goron gidan ya fara lalacewa, huhu bayan huhu, yana yamutsewa yana baƙi. Sai tsegumi ya tashi wai hannunta zafi gare shi, duk abin da ta taɓa ba ya ƙarko. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji matan gida, suna faɗa suna kallon ƙofar ɗakinta. Na iso na tarar Kaka ya gama shawarar mayar da ita wurin 'yan'uwanta, inda ba ta da gona, ba ta da ɗaki.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina ganin ina da makami. A makaranta malaminmu, Mushe Biyo, wato Malam Biyo da Faransanci, ya sa mun shuka wake a gwangwanayen madara, wasu a bakin taga, wasu a cikin kabad, don mu ga aikin haske. Ya ce da mu, "Abu ɗaya tak ake bambantawa, sauran duka su zama ɗaya." Da kunne ɗaya na ji wannan magana, ɗayan yana wurin duwatsun carafke da ke aljihuna, amma na ɗauka na iya. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, abin da babana ba zai iya furtawa ba ni sai na faɗa wa tsohon gatsal, na ce ai zargi ba hujja ba ne, a gwada mana. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. "To uwargida, gani ya kori ji. Kawo naki ilimin." Muka ƙulla: kwando biyu, goro ɗari-ɗari, ganye iri ɗaya, ruwan rijiya ɗaya. Shi zai riƙa juya ɗaya, Inna Lami ɗaya, duk bayan kwana uku, har mako uku. In nata ya yi lafiya, ta zauna.

Da aka zo rabon goron a kan tabarmar nan, ba wanda ya motsa. A gidanmu yaro ba ya sa hannu a kwano kafin babba, balle mace mai zaman alfarma ta riga maigida. Ni kaina na ce, "Kaka, bismilla." Mutumin da ya shekara hamsin yana cinikin goro, yatsunsa sun fi idon wani gani. Ban ce ya yi da gangan ba, wallahi hira ma yake yi, amma hannunsa marsa kawai yake ɗauka, manya masu tauri marasa tabo. Abin da ya rage, ƙanana da masu ƙwarzane, shi aka tura gaban Inna Lami, ta tattara a kwandonta. Sannan Kaka ya ce kwandonta ba zai kusanci nasa ba, kada zafin ya tsallaka. Aka kai nasa ƙarƙashin gadonsa a soron ƙasa mai sanyi kamar gindin randa, nata kuma aka bar shi a ɗakin goro, wanda aka cire wa jinka aka buga wa kwano a shekarar da mijinta ya rasu, kwanon da duk unguwa ke zuwa kallo. Ni kuwa sakarya ina can ina rubuta adadin kofin ruwa a littafi.

Mako ukun nan ban ji daɗin komai ba. Ina ɗiban ruwa, ina tsinkar ganyen miya, ina raka yara kai abinci gonar doya, amma hankalina yana ɗakin kwano. Inna Lami sai ta wanke hannu sau uku kafin ta buɗe kwandon, tana fitowa gumi sharkaf, ta tambaye ni a hankali, "'Yata, me takardarki ta ce?" In ce mata kada ta damu, ilimi ba ya ƙarya. Ranar buɗewa aka sake shimfiɗa tabarmar. A kwandon Kaka uku ne suka lalace. Na Inna Lami fiye da rabi ya yi baƙi, wari ya tashi. Kaka bai yi murna ba, ya dai ce in karanta abin da na rubuta, na karanta. Wata daga bakin madafa ta ce, "To, ko boko ma ya shaida." Inna Lami ba ta yi kuka ba, ta dubi tafin hannayenta ta daɗe, kamar yau ta fara ganinsu. Bayan kwana biyu ta ɗora ƙunshinta da ƙwaryarta a ka, ta bi jar hanyar Sérou.

Da muka koma makaranta na kwashe labarin duka na faɗa wa Mushe Biyo, har ina tambayarsa ko da gaske jikin wasu yana da zafin da ke kashe goro. Ya ajiye alli ya yi mini tambaya uku. Wa ya zaɓi goron? Ina kowane kwando ya kwana? Kwando nawa kowa ya riƙe? Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da an cakuɗa goron an raba shi da ƙuri'a, an jera kwanduna shida ko takwas a ɗaki ɗaya, kuma mai ƙirga ruɓaɓɓe bai san na wane yake ƙirgawa ba, da na iya cewa wani abu game da hannu. "Ba hannunta kika gwada ba," in ji shi. "Ɗaki kika gwada, da gwanintar kakanki." Ban taɓa kuka a aji ba sai ran nan, har yara suka zaci duka na sha.

Hutu na gaba ko takalmi ban cire ba na tari Kaka da maganar, ba wasa a ciki. Ya ce goron bai daina lalacewa ba bayan tafiyarta, sai da ya sa aka yi rufin zana a ƙarƙashin kwanon. Ashe ya sani. Na ce to a je a dawo da ita. Ya ce, "Magana zarar bunu ce, uwargida." Shi ba zai taka ba, amma ya zaɓo marsa goma ya ƙunsa a ganye, ya ce in kai mata in ce ɗakinta yana nan. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, Allah ya jiƙansa. Wani baffana ya goya ni a keke har Sérou, muka same ta a bayan gidan yayanta tana dakan kaɗanya, ta rame. Ta yi murnar ganina amma ba ta rungume ni ba. Na miƙa mata goron, sai ta mayar da hannayenta baya. "Ajiye a ƙasa, 'yata, kada in ɓata shi." Na yi mata bayanin kwano, na yi na marsa, na yi na ƙuri'a, ina haɗawa da rantsuwa. Ta yi murmushi ta ce, "Ai takardarki ta faɗa." Ba ta dawo ba, kuma a can ta rasu kafin in gama kwaleji.

Na shafe shekaru ina koyar da kimiyya a Parakou, yanzu ina zaune a unguwar Ladjifarani na huta. Yaran yau suna da sikeli da ma'aunin zafi, abubuwan da ko a mafarki ban gani ba a shekarunsu, goro ma a leda ake ƙulla shi, ƙanshin ganyen nan ya ɓace daga zaurukan Djougou. Ɗalibaina sun sha ƙorafi a kaina, wai ina ɓata musu lokaci da jefa 'yan takardu a hula don a raba tukwanen da aka shuka masara a ciki, wai me ya sa tukunya ɗaya ba za ta isa ba. Nakan ce su yi haƙuri su ja ƙuri'ar, kuma kowa ya gaya mini inda tukunyarsa za ta kwana. Ko kwanon ne ya ɓata goron Kaka, ba zan rantse ba, don shi ma ban gwada shi yadda ya kamata ba. Abin da na sani shi ne, kafin in buɗe littafina Inna Lami ba ta yarda da tsegumin ba.