Gawon da Takarda Ta Kashe

Wayewar kowace al'umma a filin ƙwallonta ake gane ta. A nan ake sanin ko mutane sun yarda da layi madaidaici, ko suna jin usur, ko za su iya shan kaye su koma gida ba tare da sanda ba. Ni na ƙirƙiro wannan magana ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon malami a wata firamare da ke gefen garin Gumel, kuma na faɗe ta a gaban Hedimasta da irin muryar da nake karanta wa 'yan aji bakwai labarin daulolin da suka shuɗe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To madalla. Daga yau kai ne malamin wasanni." Hukuncin mai yawan magana ke nan a makarantarmu.

Shekarun saba'in ne, muna ƙarƙashin Jihar Kano, fari bai daɗe da sakin wuyanmu ba. Filin da na gada yashi ne zalla, da azara biyu a gabas, biyu a yamma, muna kiransu raga don girmamawa. A cikin filin kuma, kamar taku goma sha biyar daga ragar gabas, ta hannun hagu, akwai wani ƙaton gawo. Yara sun daɗe da yin sulhu da shi. In ƙwallo ta buge shi ta dawo, wasa bai tsaya ba. In ta maƙale a reshe, wanda ya buga shi zai hau. Baƙin da suka zo wasa da mu sukan tafi suna cewa mu sha biyu ne.

Gawon yana da mai shi. Wani tsoho ne da filin makarantar gaba ɗaya gonar mahaifinsa ce kafin hukumar En'e ta karɓa. Abin da aka bar masa, da baki ba da takarda ba, shi ne 'ya'yan gawon. Kafin fari yana da shanu da garken awaki. Bayan fari yana da awaki huɗu. Da rani, in ciyawa ta ƙare ƙasa ta koma kamar tafin hannu, yakan zo da doguwar gora mai ƙugiya ya kaɗo 'ya'yan, ya cika buhu, awakin su kai damina da ransu. Sauran yini kuma yana gindin gawon yana tufka igiya, yana gyara wa alƙalin wasa hukunci ba tare da an tambaye shi ba.

"Malam, wannan yaron da hannu ya taɓa."

"Baba, ban gani ba."

"Ai shi ya sa na gaya maka."

Sai takarda ta zo cewa za a yi gasar makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma wasan ƙarshe a filin da ya cika ƙa'ida za a buga shi. A daidai lokacin hukuma ta tashi da niyyar tsara gari: a ja tituna, a keɓe wuraren shan iska, a gyara filayen wasa. Filinmu na cikin waɗanda za a duba. In ya samu shiga, za a ba mu sandunan raga na ƙarfe. Ba zan ɓoye ba, na so sandunan nan fiye da yadda ya kamata mutum mai karatu ya so ƙarfe.

Cikas ɗaya ne. Bayan fari an tsananta dokar itatuwa, saboda kowa ya ga yadda rairayi yake matsowa daga arewa. An manna sanarwa a ofishin En'e da bakin kasuwa: ba a sare ɗanyen itace a cikin gari, ko na gidan uban mutum ne. Mataccen itace kuwa ana iya cire shi, in mutum biyu na wurin sun sa hannu cewa ya mutu. Doka ce mai kyau. Ni kaina na sa 'yan aji shida sun kwafe ta a darasin rubutu.

Jami'in tsara gari ya zo daga Kano a tsakiyar damina. Matashi ne mai fara'a, haifaffen cikin birni, ya yi karatu mai zurfi, yana kiran itatuwa da sunayensu na Latin. Tare da shi akwai ɗan gandun daji na garinmu, cikin kakinsa, yana riƙe masa laima. Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙirji, har yashin filinmu ya yi gemun ciyawa. Gawon kaɗai ke tsaye tsirara, rassa fari fat, ba ganye ko ɗaya.

Duk wanda ya taɓa kiwon akuya a ƙasarmu ya san halin gawo. Da damina yake kaɗe ganyensa, lokacin da kowane itace ke ado. In ruwa ya ɗauke, sauran suka fara zubarwa, sai shi ya yi kore. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, don ba ya tare wa gero rana, kuma shi ya sa akuya ke ganin girmansa. Wannan ba ya cikin abin da ake kira ilimi a wurinmu. Kamar sanin cewa wuta na da zafi ne.

Jami'in ya zagaya gawon, ya ƙwanƙwasa shi da bayan alƙalami, ya ɗaga kai.

"Kai, fari ya yi ɓarna a ƙasar nan. Dubi wannan, a tsakiyar damina. Tun yaushe ya bushe?"

Hedimasta ya cire tabarau yana gogewa. Ɗan gandun daji ya sami wani abu mai muhimmanci a sararin sama yana kallo. Tsohon ba ya nan, da damina yana gonar da yake aro a bayan gari.

"To ai kun huta," in ji jami'in. "Da ɗanye ne da sai dai ku haƙura da filin. Shaidu biyu kawai nake so."

Hedimasta ya karɓi alƙalamin ya miƙo mini. "Malamin wasanni, filinka ne."

Na sha karanta yadda manyan mutane suke yin kuskure, da dogon tunani da gumi a goshi. Nawa bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a kira sunan yaro a rajista ba. Na sa hannu a kan bayan motar jami'in, da kyakkyawan rubutun da aka yaba mini a kwalejin horon malamai. Hedimasta ya sa nasa a ƙasa. Da za su tafi ɗan gandun daji ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, ashe ya mutu." Na ce, "Haka Yallaɓai ya gani." Ya ce, "Allah Ya ji ƙansa," ya bi laimarsa.

Daga nan shiru. Na kwantar da hankalina da cewa takardu da yawa sun tafi Kano ba su dawo ba, wannan ma Allah Ya sa ta bi 'yan'uwanta. Aka yi girbi. Ruwa ya ɗauke, gawon ya fara toho, kafin wata guda ya rufe da ganye, ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya fiye da na bara. Tsohon ya dawo gindinsa. Da ya ji ina neman abin da zan auna filin da shi, ya tufka mini igiya mai tsawon gaske, ya ƙi karɓar komai.

"Ka ja layinka ya miƙe, Malam. Kada mutanen Gagarawa su zo su yi mana dariya."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Ban gaya masa ba. Kullum nakan ce gobe.

Takardar ba ta mutu ba. Ta dawo da hatimi uku, ta ce a cire mataccen itace guda ɗaya daga filin makaranta. Ranar da na gan ta na hau kekena na tafi ofishin En'e, na sami magatakardan da fayil ɗin ke hannunsa, wani dattijo da ya girmi teburinsa da kaɗan.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Itacen nan yana da rai."

Ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa. "Nan an ce ya mutu."

"Gawo ne. Da damina aka duba shi."

Ya ɗago ya dube ni. Shi ma ɗan ƙasar ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. "Wane jahili ne ya shaida?"

Ya sake duba takardar, ya ga sunan, ya ga rubutun.

"Rubutunka da kyau, Malam." Ya rufe fayil. "Muna da fom na itacen da ya mutu. Muna da na wanda ake so a dasa. Na wanda ya mutu ya dawo, ba a aiko mana da shi ba tukuna. Sai dai ka rubuta wa Kano cewa kai da Hedimastanka kun yi shaidar zur."

Na tsaya ina juya hulata ta saƙa a hannu. Na ce zan yi tunani. Tunanin nake yi har na iso makaranta, kuma ban rubuta ba.

Masu saran suka zo da hantsi, su uku da gatura. Babbansu ya tsaya a inuwar gawon, ya ɗaga kai ya dubi ganyen, ya dubi ɗan gandun daji.

"Ina mataccen?"

"Kana ƙarƙashinsa."

"Wannan? To Allah Ya ba mu irin mutuwarsa."

Tsohon yana zaune a wurinsa da igiya a hannu. Wani ya riga ya gaya masa, ban san ko wane ne ba. Bai tashi da faɗa ba, da ya yi da na ji sauƙi. Ya yafito ni, na je na durƙusa.

"Malam, an ce kai ka shaida rasuwar."

"Baba, takarda ce. Baƙon ne bai sani ba."

"Baƙo bai sani ba. Kai fa?"

Ya dakatar da tufkar, ya ci gaba.

"Wata biyu ina zaune a gindinsa, ba ka gaya mini ba. Ai da na karɓi gaisuwa." Ya naɗe igiyarsa a hankali. "'Ya'yan ba su nuna ba. Da kun bari sanyi ya wuce."

Ya roƙi abu ɗaya, a bar masa rassan. Ɗan gandun daji ya ce doka ba ta hana kowa ɗaukar ganyen mataccen itace ba. Sai da aka kai la'asar gawon ya faɗi, kuma ya faɗi ne a kan ragar gabas ya karya azara ɗaya. Yara suka yi ihu. Tsohon ya yi ta jan rassa zuwa gida har magariba. Na aika a taya shi, ya ce a bar yara su yi karatu.

Awakinsa sun ci ɗanyen ganye na kwana uku, irin cin da ba su taɓa yi ba. Kafin zafi ya tsananta na hango shi wata ranar kasuwa a bakin hanyar Maigatari, yana jiran mota da su huɗun a ɗaure. Da yamma ya dawo da igiyar kaɗai a kafaɗa. Bai ƙara zuwa filin ba. In mun haɗu a hanyar masallaci shi yake fara gaishe ni, ya tambayi yara, ya tambayi ƙwallo. Har ya bar duniya bai fasa ba, ni kuma ban taɓa sabawa da gaisuwar ba.

Kututturen ya ci mana mako biyu. Saiwar gawo ƙasa take nufa kai tsaye, kamar mai haƙa rijiya, har masu tonon suka gaji suka datse ta a inda hannu ya kai, suka cike ramin. Sandunan ƙarfe suka iso, aka shafa musu farin fenti. Na auna filin da igiyar tsohon, na ja layuka da toka, suka miƙe kamar a littafin lissafi. Ofishin gandun daji ya aiko mana da dashen dogon yaro guda goma sha biyu, bisa tsarin ƙawata gari, muka dasa su a bayan layi, kowanne da kewayen ƙaya. Tsayinsu bai wuce gwiwa ba. Ƙwallo kuwa ta daina dawowa. In yaro ya buga ta hagu sai ta yi ta tafiya har gonakin mutane.

Kwamitin gasa ya zo duba filin da bazara, da azahar, su biyar cikin manyan riguna. Na fito musu da igiya, suka ce ba sai an auna ba, ido ma ya gani. Shugabansu ya yaba layukan, ya girgiza sandar raga ya ji ta daram, ya ce a duk ƙasar Gumel babu fili kamar wannan. Sannan ya share gumi da hannun riga, ya juya gabas, ya juya yamma, bai ga inuwa ba, ya ce, "To, Malam, manyan baƙi a ina za su zauna?"

An buga wasan ƙarshe a Maigatari. Filinsu bai kai namu tsawo ba, kuma akwai gawo a cikinsa.