Ƙashin Baffa

Ku gyara zama in ba ku labarin Yayata, wadda muke kira Ƙi-faɗi. Aikinta a wani asibiti shi ne rubuta wa kwamfuta dokoki. Bayanin kowane majiyyaci yana tafiya ne cikin fayil mai gurabe, ita ke yanke abin da gurbi zai karɓa: nan lamba kawai, nan kwanan wata, nan kalma daga cikin waɗanda ta amince da su. Akwai kuma wata manhaja mai tantancewa, in fayil ya bi doka sai ta kunna koren haske. Yaya kan ce koren nan ya fi mutum goma gaskiya.

Sai Baffanmu ya zame a banɗaki, ƙugu ya ƙi ɗaukarsa. Mutum ne mai gudun asibiti, da ƙyar Yaya ta lallashe shi. Likita ya ce a yi hoton ƙashi. Akawu kuwa ba shi da ƙ mai lanƙwasa a kwamfutarsa, ya buga k ya tura. Kalmar nan ba ta cikin dokar Yaya, kamata ya yi a dawo da fayil. Ina! Kore fes. Fayil ya faɗa ɗakin gwaji, ma'aikata suka karanta abin da suka gani, suka miƙa wa dattijo 'yar roba da ɗan cokali.

"Ɗiyata, ni da ciwon ƙugu, me ya kawo cokali?" in ji Baffa.

Yaya ta koma ofis tana huci, ta hau gwada manhajar. A gurbin shekaru ta rubuta "tunkiya". Kore. A kwanan wata ta sa "wancan zamani". Kore! Ashe abar nan buɗe gurbi da rufe shi kawai take dubawa, ko mushe aka zuba ciki ba ruwanta.

"To ai kore ne, Malama," in ji shugabanta.

"Ranka ya daɗe, gansakuka ma koriya ce. Tir!"

Ta sa aka sauya manhajar. Sabuwar ma sai da ta ɗura mata ruɓaɓɓun fayiloli ta ga ta tofar. Amma Baffa ya rantse ba zai koma inda aka ci masa mutunci ba. Har yau da sanda yake zuwa masallaci, ƙugun ba wanda ya ga hotonsa.